Ƙarfe Ba Ya Jin Ganga

Ga abin da ke rataye a bayan ƙanena a kakar nan da nake magana. Gonar tsohuwarmu ta Hawandawaki, wadda shi kaɗai ke nomawa tun da na koma Tasawa. Matarsa da ƴaƴa uku, na huɗu yana ciki. Lodin mangazata, wato ɗakin ajiyar buhunana, domin shi ne babban ƴan dakona, kuma da ladan lodin yake cike abin da gona ta gaza. Sai gurbi ɗaya cikin ƴan kokowar da za a zaɓa su tafi Maraɗi, gurbin da ya yi shekaru yana nema, wanda a wannan karo kowa ya ce nasa ne. Duk waɗannan a kan baya ɗaya suke, baya irin na kowa, ƙashi da jijiya. Mutane suka ɗauki bayan nan suka yi wasan la'asar da shi, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce mini da hannunsa a ciki.

Sana'ata sayen wake da aya da riɗi. Ina bin kasuwannin ƙauye tun daga Kona har Isawan can arewacin Mayahi, in tara tiya-tiya har ta zama buhu, in tara buhu har ya cika kamiyo, babbar motar kaya, in tura kudu. Ban gaji ko basillar ɗinkin buhu ba. Da gammo na fara, ina dako a tashar Tasawa, saboda haka in ana zancen nauyi ba labari nake ji ba. Ƴan dako suna da doka guda wadda ba a karyawa: ba ka cirar buhu daga ƙasa kai kaɗai. Mutum biyu ke kama kunnuwan buhun, su yi lilo da shi, su aza maka a kafaɗa, kai kuma ka tafi da shi a miƙe. Wanda ya duƙa ya rungumo buhu daga ƙasa don a ce mishi gwani, tsofaffin tasha ba yabonsa suke yi ba, zaginsa suke yi, domin sun ga inda irinsa ke ƙarewa.

Da Allah ya buɗa mini na bar dako, sai na koma zama. Zama kan benci a bakin mangaza, zama gaban kamiyo kan hanyar rairayi, zama kan tabarma ana ciniki. Tumbi ya fito, baya ya mutu. Na kai in na yi ruku'u sai na tsaya na yi shawara da ƙuguna kafin in ɗago. Na sha sassaƙe, na sha ƙwayoyin farmasi, wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya koma kamar gurbin dara. Duk a banza.

Maƙwabcina wani tsohon soja ne da ya girme ni, amma yana tafiya kamar an zura mishi sanda a riga. Wata safiya ya ga yadda nake saukowa daga babur, sai ya kira ni gidansa. A tsakar gidan akwai daɓen siminti, a kansa sandar ƙarfe da faya-fayan ƙarfe masu faɗi da ake zurawa gefe da gefe. Ya nuna mini abin da shi yake kira da sunan Faransanci, mu kuma muke ce wa cirar ƙasa. Ƙarfe yana kwance gabanka. Ka matsa har ya kusa taɓa ƙwaurinka, ka tura ƙugu baya, bayanka a shimfiɗe kamar allo, ka kama da hannu biyu, ka cika ciki da iska, ka tura ƙasa da ƙafafunka har ka miƙe tsaye da shi a cinya. Sa'an nan ka mayar da shi ta hanyar da ya zo. Shi ke nan.

Na yi dariya, na ce ai wannan shi ne abin da aka hana mu a tasha. Ya ce a'a. Buhu ba shi da mariƙi, yana nesa da jikinka, kuma ba ka rage mishi nauyi. Wannan kuwa kai ke zaɓar nauyinsa. Ya sa ni gaban sandar tsurarta, ba faifai ko ɗaya, na yi makonni a haka, ni da na taɓa hawa tsani da buhun gero. Yana tsaye kaina, in bayana ya ɗan lanƙwashe sai ya taɓa ni da sandar rake ya ce in ajiye. Karatunsa ɗaya ne, kullum shi yake maimaitawa.

"In ka ja bai taso ba, sake shi, Alhaji. Ƙarfe ba ya gori. Gobe yana nan inda ka bar shi."

Zan faɗi amfanin abin nan kamar yadda nake faɗin kyan wake in na gan shi, ko ba nawa ba ne. Kafin damina ta zagayo bayana ya daina yi mini magana. Cinyoyina suka dawo, riƙon hannuna ya dawo. Ina ɗaukar jarkar ruwa ba tare da na nemi yaro ba, ina hawa bayan kamiyo in duba lodi da kaina, ina ruku'u in ɗago tare da liman. Ga wanda zama ya kashe wa jiki, ban san aiki ɗaya da ke tayar da baya da ƙugu da ƙafa da hannu a lokaci guda kamar cirar ƙasa ba. Har gobe ina yi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce maƙiyin ƙarfe ne ke magana.

Ana nan sai wani saurayi ya dawo daga Libiya da ƙirji kamar ƙofar rumbu. Ya kewaye wani fili bayan tasha da zana, ya buɗe wurin horo. Ba shi da faifan ƙarfe, sai ya kwaɓa siminti da tsakuwa ya zuba a gwangwanaye da tsofaffin tukwane, ya soka bututu a tsakani. Babu wanda ya san nauyinsu, har shi kansa. Sunayensu dai ƙarami, matsakaici, babba, da wani da ya haɗa da tsohon gatarin mota, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi, wanda samari suka sa wa suna Maigari. Wurin kuma rairayi ne, babu daɓe. Yana da waya cike da hotunan Turawa masu jijiyoyin wuya, kuma yana da magana ɗaya da yake saye da sayarwa da ita: duk wanda ya taɓa ƙarfe dole ya yi cirar ƙasa, ita ce uwar horo, wanda bai yi ta ba kwalliya kawai yake yi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Ƴan lakwal masu wuni a aji da ma'aikatan biro masu wuni a ofis da ƴan kabu-kabu da suka je wurinsa, da yawa sun amfana, domin su ma ciwona ne gare su. Amma wanda ya san magani ɗaya tak, duk mai ciwon da ya zo mishi shi zai ɗura wa.

Ƙanena ya fara zuwa wurin saboda an ce ƴan kokowar wasu garuruwa duk sun kama ƙarfe. Ban hana shi ba. Yana jan igiya, yana rataya, yana horon wuya, duk na ce madalla. Abu ɗaya na ce kada ya taɓa, cirar ƙasa, kuma ina da dalilai. Kaka ce, lokacin da wake ke shigowa, yana ƙarƙashin buhu tun hantsi har la'asar. Sa'an nan akwai wani kaye da aka taɓa yi mishi a Mayahi shekarun baya, ya faɗi kan ƙugu, tun daga nan wurin yake mishi tsami in ya gaji. Yana ɓoye abin ƙarƙashin gurun da yake ɗaurawa, daga ni sai matarsa muka sani. Na kai shi wurin tsohon sojan, ya sa shi ya duƙa, ya miƙe, ya latsa bayan da yatsa. Ya ce abin da cirar ƙasa ke ba mutum, dako da noma da kokowa sun riga sun ba wannan har da ƙari. Abin da ya rasa hutu ne. In an ƙara mishi nauyi a kan gajiya, ba ƙarfi za a ƙara mishi ba.

Na je na sami mai horon da kaina, na gaya mishi haka gaban yaransa. Ya gyara tsayuwa yana murmushi.

"Alhaji, kai ma fa an ce kana yi. Ko kai kaɗai kake son lafiyar?"

"Ni zaune nake wuni, shi ƙarƙashin buhu yake wuni. Maganin da aka ba mai cushewar ciki ba a ba mai zawo."

Yaran suka yi dariya, shi ma ya yi. Na tambaye shi kilo nawa ne Maigarin nan nasa. Ya ce mai nauyi ne dai. Na ce ni mai sayar da wake ba na aza wa mutum buhun da bai hau sikeli ba, shi kuma yana aza wa ƴaƴan mutane abin da bai san nauyinsa ba. Ya ce to, ya ji, ba zai sa shi ba. Na ɗauka mun gama ciniki.

Ashe akwai kawunmu. Ƙanen tsohuwarmu ne, ɗan kokowa ne a zamaninsa, kuma shi ke gaba a duk wata hidimar kokowa ta Hawandawaki. Labari ya kai mishi cewa wani ɗan kokowa daga wajen Mayahi, wanda ake yawan gwada shi da ƙanena, ya biyo ta Tasawa ya ciri Maigari gaban mutane. Daga ranar kawu bai sake barci ba. Ya zo mangaza ya zauna kan buhuna, ya ce ana zancenmu a kasuwa, wai ɗan gidanmu yana kewaye ƙarfe kamar kare da bushiya. Na yi mishi bayani da ladabi, na gaya mishi har zancen ƙugun. Ya ce su a zamaninsu da karayar haƙarƙari suke shiga fili. Ya ce na zama ɗan birni, arziki ya sa mini tsoro. Na ce in za a zaɓi ƴan kokowa, mutum za a ba shi ya kayar, ba siminti ba. Ya kaɗe rigarsa ya fita.

Shi ma ƙanen nawa abin yana cinsa. Wata rana muna cin tuwo ya ajiye loma ya ce, "Yaya, ana cewa tsoro nake ji." Na tambaye shi su wa. Ya ce kowa. Na ce kowa ba ya noma gonar tsohuwa, kowa ba ya ciyar da ƴaƴansa, ya bar kowa ya yi ta magana. Ya koma kan tuwonsa, na ɗauka ya ji.

Ranar da abin ya faru na je kasuwar Kona. Na bar shi da lodin kamiyo guda, ya yi shi da yaransa har suka ɗaure tanti. Na shigo Tasawa bayan la'asar a kan babur, ina daf da tasha sai na ji ganga. Ban buƙaci a gaya mini ba, taken ƙanena ne.

Wanda bai tashi cikin kokowa ba ba zai gane abin da take yake yi wa mutum ba. Kowane ɗan kokowa yana da kiɗansa, nasa shi kaɗai. In makaɗi ya buga shi, ya haɗa da sunan ubanka da na garinku, jikinka ba naka ba ne kuma. Ko kana cin abinci za ka miƙe. A fili wannan abu ne mai amfani, domin abokin karonka ma yana jin gangar, gabansa yana faɗuwa, ƙafarsa tana sanyi. Mutum ne, yana gajiya, yana kuskure, yana tsorata. Shi ya sa ake kiɗa. Kawu da mutanensa sai suka ɗauko makaɗin daga Hawandawaki, suka kawo shi gaban siminti da gatarin mota. Ban san wanda suke so ya tsorata ba.

Na jingine babur na kutsa. An yaye zanar gefe ɗaya, mutane sun cika har kan katangar tasha, ƴan dako, direbobi, masu shayi, mata masu tuwo. Ƙanena yana tsakiya, ba riga, gurunsa a ƙugu, ƙurar wake ba ta ma bar gashin kansa ba. Maigari yana gabansa. Da yake simintin ba shi da faɗi, kuma ya nutse cikin rairayi saboda yawan jefarwa, sandar tana can wajen idon sawu. Nawa na gidan soja yana kai tsakiyar ƙwauri. Don ka kamo wannan sai ka naɗe kamar mai tsintar gyaɗa.

Ya duƙa ya ja. Abin bai motsa ba. Ya saki, ya ja da baya, na ga hannunsa ya tafi ƙugu. Nan ne ya kamata a tashi. Duk wanda ya san ƙarfe ya san cewa a nan ake tashi, ka ja bai taso ba, ka bar shi. Na duba mai horon, wanda ya yi mini alkawari, na gan shi ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto, yana gyara tsayuwa don rana ta ba shi haske.

Makaɗin ya matso har gangar ta kusa taɓa kunnen ƙanena. Ya canza hannu, ya kira sunan mahaifinmu da ya rasu, ya ce ɗan wanda bai taɓa juya wa fili baya ba. Kawu ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Ni kuma ina tura mutane da kafaɗa, ina kiran sunansa, ina cewa ya sake shi, ya bar shi. Murya ce da ake ji daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan, amma ganga ta cinye ta. Wani ma da ya ga ina ɗaga hannu ya ɗauka zuga nake yi, ya dafa ni ya ce, "Ai zai ɗaga, Alhaji, kwantar da hankalinka."

Ƙanena ya koma ya kama. Bayansa ya lanƙwashe kamar bakan maharbi. Abin ya taso a karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya, ya tsaya a gwiwa yana rawa, ya ja shi kan cinya da fizga har ya miƙe. Wurin ya kece da ihu. Ya jefar, aka rufe shi, ana liƙa mishi kuɗi a goshi, kawu yana rawa da ƙafa ɗaya. Da na iso gare shi yana murmushi, amma fuskarsa ta yi launin toka, kuma na ga yadda yake ajiye ƙafar hagu kamar mai taka ƙaya. Na ce ya zo mu tafi gidana ya kwanta. Kawu ya ce gwarzo a garinsu yake kwana. Aka ɗora shi bayan babur, aka bi da shi hanyar rairayin nan mai ramuka har Hawandawaki, ganga tana biye.

Da safe matarsa ta kira ni. Ya kasa tashi salla. Ƙafar hagu tana mishi kamar an zuba wuta tun daga ƙugu har ɗan yatsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙona mini rai, har ya fi na ranar. Da na isa na tarar an riga an yanke hukunci. Ai ya ɗaga, kowa ya gani. Ai da ƙafarsa ya bar wurin, kowa ya gani. Saboda haka ba ƙarfe ba ne, jifa ne, mutanen ɗan kokowar Mayahi ne suka yi mishi aiki da suka ji labari. Kawu yana zaune ƙofar ɗaki yana faɗin haka da bakinsa, hular nan da ya buga da ƙasa tana kansa. An turara hayaƙi, an kawo rubutu, an kira mai ɗori ya taka bayan ya ja ƙafar har ƙanena ya ciji matashi. Da jifa kowa ya wanke hannunsa. Mai horo ba shi da laifi, makaɗi ba shi da laifi, kawu ba shi da laifi, masu tafi ba su da laifi. Laifin yana can wani gari, wurin wani bawan Allah da bai ma san ana yi ba.

Ban yi gardama da kowa ba. Na kawo mota, na sa ƴan dakona suka cire ƙyauren ɗaki suka kwantar da shi a kai, muka ɗauke shi. Kawu ya tare ƙofa ya ce ciwon jifa ba ya son allura. Na ce, "Kawu, ka girme ni, kuma ban taɓa ɗaga maka murya ba. Matsa." Tsohuwarmu ce daga cikin ɗaki ta ce mishi ya matsa, ya matsa.

A Maraɗi aka ɗauki hoton bayan. Likita ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani abu kamar gammo. Na ƙanena na ƙasa ya daɗe da lalacewa, yanzu ya fashe ya danne jijiyar ƙafa. Ya tambayi aikinsa, na gaya mishi, ya tambayi abin da ya yi ranar, na gaya mishi. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ba da magani, ya ce kwanciya da haƙuri, in ƙafar ta ci gaba da mutuwa sai aikin tiyata. Zancen kokowa kuwa ya ce in cire shi daga raina, in kuma taimaka a cire shi daga ran mai ciwon.

Na dawo da shi gidana a Tasawa. Ana cikin haka sai ga makaɗin ya yi sallama, gangarsa a kafaɗa. A al'ada in an yi kiɗa an yi nasara, babban gida ne ke sallamar makaɗi, ni ne kuma babban gida. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yi jajen jifa, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi kiɗa, an yi nasara, ba a yi sallama ba."

Na kama hannunsa na kai shi ƙofar ɗakin da ƙanena ke kwance a kan katako.

"Ga shi nan. Buga mishi taken. In ya tashi, kamiyon waken da ke bakin mangaza naka ne."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi kiɗa ya gada, bai gaji duban baya ba. Gaskiya ya faɗa, amma ya ga hannun nan ya tafi ƙugu kamar yadda na gani, ya fi kowa kusa. Ko dala ban ba shi ba. Ya je ya yi mini zambo a wuraren biki, wai Alhajin wake mai hannun jarirai. Na ji, ban rasa barci ba.

Mai horon kuwa hoton nan da ya ɗauka ya zagaya wayoyin gari, samari suka ƙaru a wurinsa. Da na tare shi ya ce ai laifin ƙanena ne, bai shimfiɗa bayansa daidai ba, shi kullum yana koya musu a shimfiɗa baya. Na tambaye shi wa ke riƙe da waya lokacin da bayan ya lanƙwashe. Ya ce jama'a sun yi yawa, ga manya a wurin, shi yaro ne, ba zai iya hana su ba. Yaro ne in za a hana, malami ne in za a karɓi kuɗin wata. Har yanzu yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa dole ne kowa ya yi cirar ƙasa.

Kawu ya aiko mini da saƙo ta bakin tsohuwa, wai in ma ƙarfen ne, ai ni na fara kawo shi cikin dangi. Ban karɓi wannan ba, kuma ba zan karɓa ba. Ni na san ciwona, na nemi wanda ya sani, na fara da sanda tsura, a kan daɓe, ba mai kallo sai tsoho ɗaya da sandar rake. Wanda ya sha magani bisa ƙa'ida ya warke ba shi ya kashe wanda aka ɗura wa kwalba guda ba.

Shi ma mai ciwon ban ƙyale shi ba. Na bari sai da ya fara zama, sa'an nan na faɗa mishi sau ɗaya, ban sake ba. Na ce ba yaro ba ne, ya san ƙugunsa, ya ja ya ji, ya saki, me ya mayar da shi? Ya dubi ƙafar.

"Yaya, da kai ne aka kira sunan Baba gaban mutane, da ka zauna?"

"Da na zauna. Tsohuwa da gona Baba ya bar mana. Bai bar mana siminti ba."

Ya juya fuska bango. Na san maganar ta yi zafi, amma ban janye ta ba.

An yi zaɓen ƴan kokowa yana kwance, muka ji a rediyo. Wanda aka ba gurbin nasa ƙanena ya sha kayar da shi. Ba a yi aikin ba, Allah ya taimaka, ƙafar ta dawo a hankali, amma ba duka ba. Bayan watanni tsohon sojan ya fara shigowa yana sa shi ƴan motsi a kan tabarma. Daga baya ya kai shi gidansa, ya ɗora sandar nan tsura a kan bulo biyu daidai gwiwa, ya tsaya kansa da sandar rake. Abin da ya karya shi, da shi ake lallaɓa shi yanzu, kaɗan-kaɗan, ba ganga.

To ga lissafin, yadda na iya shi. Ni na samu baya, ina ruku'u ina ɗagowa. Mai horo ya samu samari. Makaɗi ya samu sabon ɗan kokowa, ya yi mishi sabon take. Kawu ya samu labarin da yake bayarwa a inuwa, cewa ɗan ƴar'uwarsa ya ciri Maigari. Gonar tsohuwa ƴan ƙwadago ke nomawa, rabin abin da take bayarwa a da, shi take bayarwa yanzu. Ƙanena yana zaune bakin sikeli a mangazata yana duba awo, wasu na aza wa wasu buhu a gabansa. Ya yi kusan shekara yana salla a zaune, yanzu yana yin ta a tsaye, wannan ita ce ribarsa. Gurun kokowar yana rataye a ƙusa cikin ɗakin matarsa. In ya tashi tafiya ƙafar hagu tana ɗan ja a ƙasa, ina jin sawunsa tun kafin ya shigo.